Sensa Ce Kawai, Oga

  Waɗanda ke riƙe da sitiyari a daidai wannan lokaci, a kan titin Yakowa ko cikin cunkoson Sabon Tasha, Allah ya sauke ku lafiya. Da ku nake son yin magana yau fiye da kowa.

Akwai wata 'yar gajeriyar magana da ake faɗa wa masu mota a garejojin garin nan na Kaduna, cikin sanyin murya, har mutum ya ji hankalinsa ya kwanta: “Sensa ce kawai, Oga.” Duk lokacin da na ji ta sai gabana ya faɗi, domin na ga injinan da wannan magana ta mayar tarkacen Panteka.

Kwanakin baya wata maƙwabciyata a nan Kamazou, dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta da duk layinmu ke kira Mama, ta kai motarta gyara. Ba gindin bishiya ta kai ta ba. Tsallaken kogi ta je, wani babban wuri irin na dillalan motoci, ƙasa duk tayil, ma'aikata cikin kaya iri ɗaya, ga rasit mai hatimi. Aka canza mata famfon ruwan injin, ta biya daga 'yan kuɗin fanshonta, ta dawo gida da murna. Bayan kwana biyu, da sassafe, ta tayar da mota za ta coci, sai ga wata fitila rawaya ta kama a gabanta, mai hoton akwati da igiyar ruwa. Ta kira su a waya. Wanda ya ɗauka ya ce, “Mama, kada ki damu, mun gama komai. Sensa ce kawai, za ta mutu da kanta.”

Kuma ta mutu ɗin, kafin Mama ta kai bakin titi. To, nan ne tarkon yake.

Ruwan injin yana kumbura idan ya ɗauki zafi, yana tsukewa idan ya huce. Da daddare mota ta yi sanyi, ruwan ya sauka ƙasa da inda ya kamata, fitila ta kama. An yi tafiyar minti biyar, ya ɗumama, ya taso, fitila ta mutu. Mai mota sai ya ce ai bakanike ya faɗi gaskiya. Alhali fitilar ce ta faɗi gaskiya da asuba, lokacin da babu zafin da zai rufa wa ƙarancin ruwan asiri. Shi ya sa a lokacin hunturu, Disamba da Janairu, ake yawan ganin wannan fitila da safe.

Bari mu bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai allurar zafi, wadda ke nuna yadda injin ya ɗauki wuta. Akwai kuma fitilar ƙarancin ruwa, wadda ba ruwanta da zafi. Tsayin ruwan kawai take dubawa. A motoci da yawa wani ɗan abu ne mai iyo a cikin tankin roban da ke gefen injin, idan ruwa ya sauka sai ya sauka tare da shi, ya kunna fitila. Ba kowace mota ke da ita ba. Tsofaffin motocin Japan da yawa allurar zafi kaɗai gare su. Wanda tasa ke da ita ya yi dace, ga dalili: abin da ke auna zafi a cikin ruwan yake zaune. Idan ruwan ya zube gaba ɗaya, sai abin ya rage a cikin iska, yana iya nuna maka allura a tsakiya lafiya lau alhali ƙarfe na gasuwa. Direbobi da yawa sun rantse cewa allurarsu ba ta taɓa hawa ba har injin ya buga. Ba ƙarya suke yi ba.

To me ya sa sai bayan an fito daga gyara? Abu na farko, kuma mafi yawa, iska ce. Duk aikin da ya sa aka zubar da ruwan injin, ko canza lagireto, ko tiyo, ko famfon ruwa, ko gaskit, hanyoyin ruwan sun zama fanko, iska ta cika su. Hanyoyin nan kuwa ba miƙaƙƙu ba ne. Suna da lunguna kamar tsohuwar unguwa, wasu sun hau sama, wasu sun zagaya bayan injin, wasu sun shige har cikin ɗakin mota wajen hita. Idan yaron gareji ya ɗauko jarka ya tuttula har baki ya rufe marfi, idonsa ya nuna masa ta cika, amma a can ciki akwai iska maƙale. Ga kuma tamostat, ƙofar nan da ke rufe idan injin na da sanyi, ba ta buɗewa sai zafi ya kai wajen maki 80 zuwa 90. Muddin ba ta buɗe ba, ruwa bai zagaya ko'ina ba. Sai mai mota ya hau titi, ƙofa ta buɗe, iska ta samu hanya ta fice, ruwa ya gangara ya cike gurbinta, tanki ya yi ƙasa.

Aikin da ya kamata a yi sananne ne, kuma kowane ƙwararren bakanike ya san shi. A zuba ruwan a hankali. Idan motar na da 'yan sukurorin fitar da iska, kamar yadda motocin Peugeot da yawa ke da su, a buɗe su har sai ruwa ya fito ba kumfa. A murɗa hita zuwa zafi, duk da cewa mu nan ba mu cika kunna ta ba, domin ita ma tana riƙe da nata kason. A bar injin yana aiki har fanka ta tashi da kanta. Sannan a kashe, a jira ya huce sarai, a sake dubawa, a ƙara. Wannan jiran shi ne ake tsallakewa. Ba ya buƙatar kwamfuta, ba ya buƙatar kayan Turai, haƙuri kawai yake so.

Idan iska ce, alamarta a fili take. Za ka ji wani ƙugi kamar na cikin mai yunwa a bayan dashbod, allura na hawa tana sauka ba dalili, hita na busa sanyi. Ka ƙara ruwa sau ɗaya, ƙila sau biyu, magana ta ƙare. Amma idan ka ƙara yau, jibi ya sauka, ka ƙara, ya sake sauka, to ka daina kiran sunan iska. Hanyar ruwan injin rufaffiya ce, ba tanki ba ne na fetur da ake ƙonawa. Mota lafiyayya tana iya yin watanni ba ta nemi ko kofi ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya raguwa banza.

Abin da muka yi da Mama kowa zai iya yin sa. Da safe, kafin a tayar da mota, a wuri mai daidai, muka buɗe bonet. Tankin yana da layi biyu, na ƙasa MIN, na sama MAX. Ruwan na ƙasa da na ƙasan. Muka cika zuwa tsakiya, muka ja layi da biro a jikin robar, ta ɗauki hoto da wayarta. Da yamma da ta dawo muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin. Gari ya waye, ruwa ya sauka da faɗin yatsa biyu, ga tabo ruwan hoda a kan kwali, mai santsi a hannu, mai ƙamshin zaƙi. Ruwan da na'urar sanyaya ɗakin mota ke ɗigarwa fari ne tas, ba launi ba wari, don haka ba a rikita su.

A nan zan ɗaga murya, ku gafarce ni. Kada wanda ya kuskura ya buɗe marfin lagireto ko na tankin nan alhali injin na da zafi. Ruwa zalla yana tafasa a maki 100 a bakin teku. A Kaduna da muke kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, tun a wajen 98 yake tafasa. Marfin nan aikinsa shi ne ya danne ruwan da ƙarfi don kada ya tafasa sai ya haura maki 120. Da ka murɗe shi, dannewar ta tafi, ruwan da ya riga ya wuce 100 sai ya tashi gaba ɗaya a fuskarka. Wanda ya taɓa ganin hannun da wannan ruwa ya saluɓe ba sai an sake gaya masa ba. A kashe mota, a ba ta aƙalla rabin awa, har sai ka iya dafa babban tiyo da hannu ba ka janye ba.

Yoyon da ke biyo bayan gyara galibi ƙaramin abu ne mai ban haushi. Kilif ɗin da ke ɗaure bakin tiyo ba a mayar da shi mazauninsa ba. An sake amfani da tsohuwar robar da ta riga ta bushe. An jingina gwiwar hannu a kan bakin tankin roba, ya yi tsaga kamar gashi, wadda ba ta buɗewa sai da zafi. Ko marfin ne kansa ya gaji, yana sakin tururi a hankali ba a gani. Akwai wani ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin tanki, a buga iska, a zuba ido minti goma ko sha biyar. Idan allurarsa ta sauka, akwai ƙofa a wani wuri, kuma yawanci za ka ga inda ruwan ke tsattsafowa. Duk wurin da ke karɓar kuɗin mutane da sunan babban gareji ya kamata a ce yana da shi. Ku tambaya. Idan kuma kafet ɗin gaban mai zaman banza ya jiƙe, gilashi na yin hazo daga ciki, to hitar ce ke yoyo a ɓoye.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne ruwan da ke ɓacewa, kwali kuma a bushe. Wannan ciki yake shiga. Tsakanin gangar jikin injin da kansa, wanda bakanikai ke kira tof, akwai gaskit da ke raba ruwa da baƙin mai da wuta. Idan ya ƙone, ko tof ɗin ya lanƙwashe saboda zafi, ruwa sai ya sulale inda ake ƙona fetur. Za ka ga farin hayaƙi a salansa wanda ba ya ɗaukewa ko bayan mota ta yi zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, tanki na ɓulɓulo da kumfa. Akwai ma wani ruwan gwaji shuɗi da ke komawa rawaya idan hayaƙin injin na shiga cikin ruwa. A nan ne rigima ke tashi, mai mota ya ce ku kuka ɓata, gareji ya ce da ma haka ka kawo ta. Sau da yawa kuwa abin da ya faru shi ne an sallami mota da iska ko da ɗan yoyo, fitila ta yi ta kira mako biyu, aka ce sensa ce, har ƙaramin ciwo ya zama na tiyata.

Ba na cewa sensa ba ta lalacewa. Tana lalacewa. Abin iyon nan yana iya shan ruwa ya nutse, datti yana iya maƙale shi, wani lokaci ma soket ɗinsa ne aka cire wajen aiki aka manta ba a mayar ba. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa a ƙarshe, bayan an buɗe bonet da sanyi an ga ruwa na nan a kan layinsa kwana da kwanaki. Ba a yanke shi ta waya. Abin da kuma ya fi ƙona min rai shi ne maganin da wasu ke yi wa fitilar: a haɗa wayoyin biyu, ko a cire ƙwan, dashbod ya yi tsit, kowa ya huta. Maigadi ya yi ihun ɓarawo, sai aka ɗaure masa baki.

Ku ji darajar wannan fitila a wajen waɗanda suka ƙera motocin. A watan Janairun 2017, kamfanin Ford ya janye motoci 4,556 ƙirar Kuga masu injin lita 1.6 a Afirka ta Kudu, bayan da dama sun kama wuta a kan titi. A watan Maris na shekarar ya sake kiran motoci kimanin 230,000 a Arewacin Amurka masu irin wannan injin, cikinsu har da Escape da Fusion. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne, idan ruwa bai zagaya yadda ya kamata ba, injin na yin zafi, tof ya tsage, baƙin mai ya fesu a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi. Cikin gyaran da aka umarci dillalai su yi har da ɗaura wa motocin sensar ƙarancin ruwa, wadda da ba su da ita. Wato abin da kamfani ya kashe maƙudan kuɗi ya saka don ceton rai, shi ne muke ba yaro ɗari biyar ya tsinke. Irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasar nan a matsayin Beljiyam, kuma wanda ke da ɗaya zai iya duba lambar shasinsa mai harufa da alƙaluma 17 a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, NHTSA, ya ga ko akwai kiran gyaran da ba a amsa ba.

Na san inda wasu ɗabi'unmu suka samo asali. Kaduna garin mota ne. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, kuma manyan bakanikanmu da yawa a kan 504 suka buɗe ido. Mota ce mai haƙuri: ka buɗe marfi ka ga ruwa da idonka, lagireto ya huje mai walda ya liƙe, ka zuba ruwan rijiya ka kama hanya. Motar yau lagiretonta alminiyom ne da roba, ramukansa sirara, injinta an ƙera shi ya yi aiki dab da tafasa. Hannun da ya saba da waccan dole ya sake koyon wannan, kuma babu abin kunya a ciki. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da sunan wai tamostat na ƙasar sanyi ne, ba ya toshe yoyo. Ɓoye alamar kawai yake yi, ya bar injin yana shan mai fiye da ƙima. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa, ku leƙa cikin butar da mai shayi ya daɗe yana tafasa ruwa, ku ga farin dutsen da ke kamawa. Haka yake yi a cikin lagireto, ga tsatsa a kai. Kulan, wato ruwan injin mai launi da ke zuwa a galan, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Yana hana tsatsa, yana ɗaga matakin tafasa. A karanta jikin galan, wani an riga an sirka shi, wani sai an haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Launi kuma ba shi ne shaida ba, kuma gauraya iri biyu na iya zama kunu ya toshe hanya.

Iyaye mata, ga taku. Kulan guba ne, kuma yana da zaƙi, ga launi kamar lemon kwalba. Kada a juye ragowarsa a gorar ruwa a ajiye inda yaro zai kai hannu, kada a bar shi kwance a tsakar gida inda akuya ko kare zai lasa. Kaɗan daga cikinsa yana iya kashe ƙoda. Idan yaro ya sha, asibiti nan take.

Mu masu mota ma da namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mu ne ke tsayawa a kan bakanike muna duba agogo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutum zai kawo mota da fetur ɗan cokali, ya ga an bar injin yana aiki, ya ce, “Malam, kashe mana, kana ƙone min mai.” Wannan man da ake ƙonawa na rabin awa shi ne kuɗin fitar da iskar. Mu ne kuma ke cewa a sa tsohon tiyo, a bar kulan sai wata ya yi. Bakaniken da aka matsa wa lamba, aka kuma rage masa kuɗin aiki, ba abin mamaki ba ne ya bar wa yaronsa rufe bonet.

Duk da haka, wanda ya karɓi kuɗi shi ke da nauyin aiki. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa wanda aka yi wa aiki ba daidai ba damar neman a gyara, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Don haka a karɓi rasit, a sa su rubuta abin da aka canza da irin kulan ɗin da aka zuba. Bakanikai kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA, kuma shugabanninta sun saba sasanta irin wannan. Ni roƙona ga masu garejoji ɗaya ne: duk motar da kuka zubar wa ruwa, ku ce wa mai ita ya dawo bayan kwana biyu ku duba kyauta, tun kafin shi ya kira ku.

Ina nanata wannan ne saboda na san hanyar da mutanen unguwarmu ke bi. Ƙarshen shekara na zuwa, motoci za su cika da yara da buhuna, a nufi Kujama, Kasuwan Magani, Kachia, har Zonkwa da Kafanchan. Tsakanin Kufana da Idon ba wurin da mutum zai so motarsa ta tsaya tana tururi da magariba ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mama ma Kafanchan za ta je a Asabar ɗin makon, bikin jikarta.

Ranar Alhamis na raka ta garejin, da kwalinmu a hannu da hoton a waya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa babbansu, “Ɗana, ga abin da sensar taku ta zubar a tsakar gidana.” Mutumin ya dubi kwalin, ya shafa tabon da yatsa, ya shinshina, bai yi musu ba. Ya sa aka ɗauko famfon gwaji. Kafin minti biyar ruwa ya fara tsattsafowa daga bakin tiyon ƙasa, inda kilif ya zauna a karkace, rabinsa a kan roba rabinsa a iska. Ya kira yaron da ya yi aikin, bai zage shi ba, ya sa shi ya durƙusa ya gani da idonsa, ya gyara da hannunsa. Sannan ya juyo ya ce, “Mama, ki yi haƙuri, ki bar mana ita ta kwana. Ina so in gan ta da sanyin safiya kafin in ba ki makulli.”

Muka hau Keke muka dawo Kamazou. Da ƙarfe bakwai na safiyar Juma'a ya turo mata hoton tankin, ruwa na zaune daidai kan layin biron da muka ja.

 A sauka lafiya.